Kafin Muryar Muzammil Ta Fashe

Greensboro, 6 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina, Malam Yahya Ladan, Gwammaja, Kano.

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ya ƙarfin jiki? Ya kunnen? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Sanyi ya fara leƙowa, ganyen itatuwa duk ya koma ja.

Baba, ran Juma'a da na kira ka na yi ta zuba kana cewa "na'am, na'am", daga baya ƙanwata Bebi ta gaya min ba abin da ka ji. Shi ya sa na koma takarda. Zan riƙa rubutawa ina tura hoton wayar Bebi, ita kuma ta kai a buga maka da girma. Kai ma ka rubuta, ta ɗauki hoton ta turo min. Dama na yi kewar rubutunka.

Magana ce a kan jikanka Muzammil. Ka san in'inarsa. Da muna cewa in ya girma za ta sake shi, to bana ya shiga sha uku, sai ma ƙaruwa da ta yi. Tun da ya koma sabuwar makaranta ya daina ɗaga hannu a aji. Kwanan baya na aike shi shagon 'yan Afirka da ke titin Gate City ya sayo min daddawa da kuka, ina cikin mota ina hango shi ta gilashi. Ya tsaya gaban mai shago zai tambayi wani abu, baki a buɗe, jijiyoyin wuya sun tashi, kalma ta ƙi fita, ga mutane a bayansa. Sai ya ajiye kayan ya fito. Da ya shigo mota ya ce min wai babu. Na riga na ga kayan a hannunsa ta gilashi, amma ban ce komai ba.

Abin mamaki, in yana tilawa a Islamiyya ko sau ɗaya ba ya sarƙewa. Ashe haka ma in yana waƙa. Malamar da ke koya musu kiɗa da waƙa a makaranta, Misis Celina, ita ta gano. Ta kira ni ta ce tana da wata ƙungiyar mawaƙa a cikin gari, manya ne, kowa da aikinsa, kuma a watan Fabrairu za su gabatar da wata tsohuwar waƙar Turawa da ta yi kusan shekara ɗari uku. Oratoriyo suke ce wa irinta. Labari ne ake ɗaukowa daga littafinsu a rera shi tun daga farko har ƙarshe, da goge irin nasu da 'yan amshi. Ba wasan kwaikwayo ba ne, ba mai sa kayan wani, kowa na tsaye ne da takardarsa a hannu. Wannan kuwa ƙissar Annabi Yusuf ce da 'yan'uwansa. Suna neman yaro mai siririyar murya da zai rera maganganun ƙaninsa Binyaminu. An gwada yara da dama, shi aka zaɓa.

Baba, ranar da aka gaya masa, ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, yana ta tsokanar yayarsa Afnan. Rabona da ganinsa haka na manta.

Matsalar ita ce a cikin coci za a yi, wai ginin ya fi fitar da sauti. Da surukinka, Abban Afnan, ya dawo daga tafiya da tirela na gaya masa, ransa bai so ba. Ya ce kiɗa ne, coci ne, kuma Annabi ne ake rera maganarsa. Na ce masa ya dubi yaron. Mun yi ta ja, a ƙarshe ya ce in tambaye ka, duk abin da ka yanke shi ke nan. Na san ya faɗi haka ne don yana da tabbacin za ka hana.

Ni ban roƙe ka ka ce e ba. Ka duba mana kawai, tsakaninka da Allah.

A gaida Inna da kyau, a ce mata man zafin yana hanya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Rahama

Gwammaja, Kano, 15 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Rahama,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, takardarki ta iso, na karanta ta sau da yawa. Lafiyarmu ƙalau. Kunne dai yana nan yadda kika sani. Na'urar da kika aiko tana sa ni jin ƙara kamar ana niƙa a maƙwabta, don haka na ajiye ta.

Na yi dariya da na ga mijinki Faruk ya ɗora min kayan. Ki gaya masa surukin nasa ladan ne mai ritaya, ba alƙali ba. Amma tun da an tambaye ni, ba zan yi magana a kan abin da ban sani ba.

Ina son sanin abubuwa kaɗan. Mene ne ainihin kalmomin da za a sa a bakin yaron? Akwai inda za a ce ya durƙusa ko ya sunkuya wa wani abu? Akwai wata magana a ciki da ta taɓa kaɗaitar Allah? Wane ne zai rera maganar Annabi Yusuf, alaihis salam, kuma wane irin mutum ne? Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya min.

Kuma ba ke nake so ki amsa ba. Abokina Muzammil nake so ya rubuto da hannunsa. Tun da aka haife shi ban taɓa yin hira da shi ta kirki ba. In an ba shi waya ya yi shiru, ni kuma ga kunne. Duk abin da na sani game da shi daga bakinki ne. Ko Hausarsa ta karye ya rubuta a haka, na iya karatun rubutun yara.

Maganar shago ta taɓa ni. Kin kyauta da ba ki tona shi ba.

Innarku na gaishe ku, ta ce a gaya wa mijinta Muzammil ta ji labari zai yi wa matan Turawa waƙa, ita ko baiti ɗaya bai taɓa yi mata ba.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Yahya

Greensboro, 26 ga Oktoba

Assalamu alaikum Kaka,

Ina kwana ko ina wuni, ban san lokacin da za ka karanta ba. Ina gaida Inna. Ka ce mata zan yi mata waƙa in ta daina cewa kaina ƙato ne.

Ni na rubuta wannan. Mama ta gyara min wasu kalmomi, amma maganar tawa ce.

Ba a durƙusawa. Tsayawa kawai muke yi, mu sa baƙaƙen kaya. Na karanta takardar duka tare da Mama. Turancin tsoho ne, yana da wuya, amma ba mu ga inda aka ce Allah yana da ɗa ba. Suna cewa Ubangijin Yaƙubu.

Wurina ba shi da yawa. Babba shi ne lokacin da aka sami kofin a cikin buhuna. Abin da nake cewa da Hausa kamar haka ne: Ranka ya daɗe, ban ɗauki kofinka ba. In za ka tsare ni ka tsare ni, amma wanda zai gaya wa babana ya gaya masa a hankali, domin tsoho ne, kuma ya taɓa rasa ɗa.

Wannan kaɗai, amma yana daɗewa, saboda a irin wannan waƙar ana maimaita kalma ɗaya sau da yawa. "A hankali, a hankali, a hankali." In na maimaita kalma a aji dariya ake yi. A nan kuwa haka aka rubuta, in ban maimaita ba ma Misis Celina sai ta tsayar da ni.

Mai rera maganar Annabi Yusuf sunansa Mista Darnel. Baƙi ne, ƙato, yana da gemu, direban motar ɗaukar marasa lafiya ne. In yana magana muryarsa babba ce, amma in ya fara waƙa sai ta koma sama kamar ta mace. Ranar farko na kusa yin dariya. Yana da kirki. Da na kasa faɗin sunana bai ƙarasa min ba, kuma bai kalli ƙasa ba, ya jira kawai. Na gaya masa mu ma muna da wannan labarin. Ya ce bai sani ba, ya ce in ba shi namu. Na ce zan rubuta masa.

Akwai goge ƙanana da ake sawa a wuya, da babba da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Akwai wani kamar fiyano, amma sautinsa siriri ne kamar ana taɓa waya.

Kaka, in ina magana ji nake kamar akwai ƙofa a maƙogwarona, wani ya danne ta ta baya. In ina waƙa babu kowa a wurin. Ban san dalili ba. Ba na son Abba ya yi fushi. Amma ina so in yi.

Jikanka,
Muzammil

Gwammaja, Kano, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Rahama, kuma a karanta wa Faruk.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, takardar abokina ta iso. Na sa ta a aljihun gaba, duk wanda ya zo gaishe ni sai na nuna masa rubutun jikana na Amurka.

Na lura da wani abu. A wajenmu, Annabi Yusuf ya riga ya keɓe da ƙaninsa ya sanar da shi ko shi wane ne kafin maganar kofi, don haka yaron ya san ba abin da zai same shi. A nasu kuwa da alama bai sani ba, tsoronsa na gaske ne, amma duk da haka tunanin tsohonsa yake yi. Wanda ya tsara wannan magana ya san ciwon uba. Muzammil ya faɗa wa Darnel wannan bambancin in zai rubuta masa.

Ga abin da na gani. Maganar goge, malamai sun yi saɓani tun kafin a haife mu, ni kuma ina cikin waɗanda ba su sake da shi ba, kun sani. Maganar wani ya rera zancen Annabi, har yanzu tana min nauyi. Abin da ya ɗan sassauta min shi ne ba wanda ya yi shiga ya ce shi ne shi. Ya fi kama da mai ba da ƙissa yana sauya murya. Ban ce muku abin ya wanku tas ba, ba zan ɗauki wannan a wuyana ba. Amma kalmomin da yaron zai furta babu saɓo a cikinsu, kuma yaro ne da Allah ya ƙulle wa hanya ɗaya ya buɗe masa wata. Ni ba zan sa hannu a rufe ta ba.

Sharaɗina biyu. Kada salla ta wuce shi saboda gwaji. Na biyu kuma naka ne, Faruk. Kai za ka kai shi da kanka, ka zauna ka ji da kunnenka, tun da kai Allah ya bar maka naka. In ka ji abin da zuciyarka ta ƙi, ka kama hannun ɗanka ku fito, ni zan goyi bayanka. Ɗanka ne, hukuncin naka ne, kada ka sake aiko min da shi Kano.

Allah ya shirya mana zuri'a.

Yahya

Greensboro, 11 ga Janairu

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Ƙarshen shekara a kantin da nake aiki a titin Wendover ba a ko zama, in na dawo gida ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ya jikin Inna? Bebi ta ce gwiwar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Abban Afnan ya cika sharaɗinka. Da na karanta masa takardar ya ce, "Malam ya mayar min da kayana." Ranar gwaji ya kai shi, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, da hularsa. Da magariba ta yi ya ɗaga wa yaron hannu, suka fita suka yi salla a kan ciyawa gefen mota, cikin sanyin nan, suka koma. Da suka dawo gida ya jira sai da yara suka shiga ɗaki. Sannan ya ce min, "Rahama, tun da yaron nan ya fara magana, duk jimlar da ya ɗauko ina taya shi turawa a zuciyata. Yau ne kawai na zauna na saurare shi." Tun daga ranar, in yana gari shi ke kai shi. Wani a masallaci ya tare shi da maganar, ya ce masa, "Ina wurin, na ji abin da ake faɗa." Bai ƙara ba.

Amma Baba, wani abu ya taso wanda ba mu yi tunaninsa ba. Muryar Muzammil ta fara fashewa.

Tun cikin Disamba na fara ji. Yana rerawa a banɗaki, in ya hau sama sai ta kuɓuce masa kamar ƙyauren da ba mai. Ya ce mura ce. Maƙwabciyarmu Fassouma, 'yar Damagaram, ta haɗa masa zuma da citta da kanumfari, ya yi ta sha safe da yamma. Rannan ta ja ni gefe ta ce, "Wannan ba mura ba ce, namiji ne ke tafe." Na duba kuwa, wandunansa duk sun ɗage, ga ɗan gashi ya fara duhu a saman leɓe.

Yanzu ya daina magana gaba ɗaya a gida, wai yana adana muryar. Da hannu yake nuna abu. A wajen gwaji yana rage sauti in ya zo wurin da ke da tsayi don kada a gane. Ban sani ba ko malamar ta lura.

Shekaranjiya na ɗauko shi daga wajen gwaji, muka maƙale a cunkoson Wendover. Sai ya juyo ya tambaye ni, da Turanci, yana ta fama, ko akwai maganin da likita zai ba shi ya tsayar da ita zuwa Fabrairu. Na ce babu. Ya ce ko na wata ɗaya. Na ce babu, Muzammil. Sai ya kifa kai a gwiwa. Ya ce wannan ce kaɗai muryarsa da ke aiki, in ta tafi wace ce za ta rage masa? Ya ce in sabuwar ta zo da in'ina har a cikin waƙa fa?

Na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan na ɗora a bayansa, har muka iso gida. Babansa yana hanyar Texas, sai mako mai zuwa. Ka rubuto masa. Takardarka ta farko tana cikin jakarsa ta makaranta.

A sa mu a addu'a.

'Yarka,
Rahama

Gwammaja, Kano, 16 ga Janairu

Zuwa ga abokina Muzammil,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar manya, tun da na ji labari ka kama hanyar zama babba.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Muryar nan za ta tafi, kuma ba za ta dawo ba. Zuma ba ta riƙe ta. Tawa ma ta tafi ina kamar shekarunka. Na yi watanni in na buɗe baki a makarantar allo yara su fashe da dariya, wai ɗan zakara na koyon cara. Na ɗauka shi ke nan. Muryar da ta zo daga baya ita ce ta yi shekara da shekaru tana tashin mutanen Gwammaja sallar asuba. Ban san irin wadda Allah ya tanadar maka ba, kuma ban san ko za ta zo da in'ina a waƙa ba. Amma ƙirjin da ya fitar da ta farkon shi zai fitar da ta biyun.

Bari in gaya maka yadda na bar kiran salla. Da kunnena ya fara nauyi na daina jin kaina. Ashe kiran yana karkacewa, yana hawa inda ba a hawa. Ni na fara zargin haka, amma na yi shiru na ci gaba. Mutane suna jin nauyina, ba wanda ya iya faɗa. Sai wata rana bayan la'asar Liman ya riƙe hannuna, ya matso da bakinsa kusa da kunnena, ya ce, "Malam Yahya, lokacin hutu ya yi." Dole ya ɗaga murya don in ji, don haka duk sahu ya ji. Barin kiran ya yi min ciwo, amma wannan ya fi.

Shi ya sa nake ba ka shawara. Kada ka jira a gaya maka. Ka je wurin malamarka ka faɗa mata da bakinka. Ba a takarda ba, ba ta bakin mamanka ba. Ko zai ɗauke ka wuni guda, ka tsaya ka gama. Daga nan abin da kuka yanke kai da ita, da hannunka a ciki.

Kuma ka ci gaba da yi wa mutanen gida magana. Mamanka tana kewar muryarka, kowace iri ce.

Ina maka addu'a a kowace salla.

Abokinka,
Kaka

Greensboro, 10 ga Fabrairu

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna, ga labarin yadda aka ƙare.

Ya karanta takardarka ya shiga ɗaki ya rufe. Washegari Asabar ya ce in kai shi gidan Misis Celina a Summerfield, can bayan gari inda gidaje ke da filaye. Mun same ta a waje tana ba wani tsohon dokinta ciyawa. Ya ce in tsaya a mota. Na sauke gilashi, iska na kawo min kaɗan-kaɗan. Baba, ya daɗe. Ya maƙale a kalmar farko har na kama murfin ƙofa zan fita, sai na tuna abin da ka ce na saki. Matar nan ta ajiye bokitinta ta tsaya, ba ta taya shi ba. Har ya gama.

Ta ce masa ta sani tun Disamba, tana ta neman yadda za ta faɗa ne ba tare da ta karya shi ba. Suka shiga ciki, ta sauke masa waƙar ƙasa ko za ta yiwu. Ya gwada, ta fashe. Ya sake, ta fashe. Shi da kansa ya ce a ba yarinyar da ake koya wa wurin saboda ko-ta-kwana. Sai malamar ta ce to ba za ta sake shi ba, ya koma layin maza cikin 'yan amshi, ya rera abin da muryar ta yarda, inda ta ƙi ya yi shiru. A hanyar dawowa ya yi kuka, ni ma na yi. Da muka iso gida ya ce yunwa yake ji.

Jiya Lahadi da yamma aka yi. Wurin ya cika. Na je da Afnan da Fassouma, Abban Afnan kuma ya taho kai tsaye daga hanya, ko gida bai biya ba. Muzammil na can ƙarshen layi na biyu, tsakanin wani tsoho mai furfura da bango, cikin baƙar rigar da hannunta ya riga ya yi masa kaɗan.

Da aka zo wurin kofi, yarinyar ta fito ta rera. Ta iya, ba zan rage mata ba. Ni dai ɗana nake kallo. Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi tare da ita har ta gama. Nan ne na kasa riƙe hawaye. Fassouma ta miƙo min gefen mayafinta.

Can kusa da ƙarshe, bayan Annabi Yusuf ya bayyana kansa, sai duk 'yan amshi suka ɗauka gaba ɗaya, ginin har rawa yake. Na kasa kunne iya ƙarfina in tsinci muryarsa a cikinsu, ban iya ba. Fuskarsa na gani. Baki a buɗe, wuya a sake, ba jijiya ko ɗaya. Daga baya na tambaye shi, ya ce muryar mummuna ce kamar ta agwagwa, amma ba ta sarƙe ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi, tsohon nan da ke gefensa ya zo ya gaisa da mu, ya ce kullum yana mance yadda ake faɗin sunan yaron, ya roƙe shi ya sake gaya masa. Muzammil ya fara, ya maƙale a harafin farko kamar kullum. Na ga babansa ya buɗe baki zai faɗa, sai ya rufe, ya sa hannu a aljihu. Muka tsaya mu duka har ya fitar da shi.

In'ina dai tana nan, Baba, ba inda ta je. Amma yau da safe da rigimarsa da Afnan a kan banɗaki na tashi.

Afnan ta ɗauki bidiyo, na tura wayar Bebi. Na san ba za ka ji ba, amma ka gan shi. Muna sa ran zuwa gida da dogon hutu in Allah ya yarda.

Na gode, Baba. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Rahama

Gwammaja, Kano, 14 ga Fabrairu

Abokina Muzammil,

Assalamu alaikum. Na gan ka. Bebi ta so ta nuna min kai a bidiyon, na ce ta bari, ni na nemo ka da kaina, can jikin bango. Ka yi tsawo, kuma rigar ta yi maka kaɗan, ka gaya wa babanka.

Innarku ta rantse ta ji muryarka a cikin mutanen nan duka. Ban yarda ba, amma ban musa mata ba.

Ni kuma da kowa ya fita na ƙure sautin wayar na manna ta a haɓata. Na ji tana zuga kamar gidan zuma, sai dai ban san wanne ne naka a ciki ba. Don haka in kun zo, za ka zauna kusa da ni a zaure, in ɗora tafin hannuna a ƙirjinka, ka rera min da sabuwar, ko ta agwagwa ce. Ka fara da tilawa, sannan ka yi min ta Binyaminu.

Ka gaida iyayenka da Afnan, ka gaida malamarka da Darnel. Allah ya yi maka albarka, ya kawo ku lafiya.

Ina jira.

Kaka